Ba a Nuna Shi a Ƙasarku

Samaru, Zariya
Ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Na'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Ingila? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Yayanki da iyalinsa suna gaishe ki. Ƙafata ta yi sauƙi. Ido ne dai, zan zo kansa.

Takarda na rubuto miki don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki ce Baba ana kirana, Baba layi ba kyau. Rubutun ba shi da kyau, kin san ban yi boko ba, ɗan abin da na tsinta ne a ajin yaƙi da jahilci lokacin ina aikin reluwe. Yayanki zai ɗauki hotonta ya tura miki. In ya karanta ma, ba ɓoyo nake yi ba.

Kusan shekara ashirin ke nan ina jiran Turawan nan su cika alkawari, kuma duk wanda na yi wa maganar sai ya ce Baba ka manta kawai. Ban manta ba. Ke kina makarantar kwana lokacin, ba ki ga zuwansu ba. Mata biyu da namiji ɗaya, da wani mai fassara, suka ce fim za su yi a kan mutanen reluwe na Sabon Gari. Suka ɗauke ni a tasha ina juya wa jirgi layi. Suka ɗauki marigayi Amaechi, maƙwabcinmu, abokin aikina. Suka zo gidanmu na Muciya, Innarku ta yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe, suka cinye har da ƙari. Daga nan matan suka ce za su zanta da ita, amma sai in fita, wai mace ba ta sakin jiki a gaban mijinta. A gidana aka kore ni. Na zauna a ƙofa ni da Amaechi tun la'asar har rana ta kusa faɗuwa, ina jiyo dariyarta daga tsakar gida. Da suka tafi na ce mata me kika gaya musu haka? Ta ce in an kawo fim ɗin na ji.

Sun ce za su dawo su kafa farin ƙyalle a tasha kowa ya kalla. Har Allah ya karɓi ranta ba su dawo ba. Kin san halinta da hoto, ba ta so. Abin da ya rage mana hoton katin zaɓe ne, shi ma ta ɓata rai a ciki kamar an yi mata laifi.

To, da Sallah kika ce mini kin ci karo da fim ɗin a wata tashar can da ake kallo ta intanet. Kika faɗa kamar ƙaramar magana, kika wuce zancen ɗinkin yara. Ni ban wuce ba. Na sa yayanki ya nemo a babbar talabijin ɗin da kika aiko. Ya nemo, sunan ya fito, har na ga kamar rufin tasha a jikin hoton. Ya danna, sai wani rubutu ya tare. Na ce me aka ce? Ya ce an ce ba a nuna shi a ƙasarku.

Na'ila, ki karanta wannan sau biyu. A tsakar gidana aka ɗauka, da tuwon matata a cikinsu, amma ba a nuna shi a ƙasarku.

Yayanki ya kira Iyke, ɗan Amaechi, wanda yanzu yake da shagon gyaran talabijin da waya a Sabon Gari. Ya zama babban mutum, har da furfura a gemu, amma har yau in ya shigo sai ya durƙusa ya ce Baba sannu da gida. Ya duba ya ce abu ne mai sauƙi, akwai wani abu wai shi VPN, in ya saka shi sai talabijin ta gaya wa tashar cewa a Landan take, su kuma su buɗe. Na ce ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce Baba, kamar ka ɗauki buhu daga Zariya ne ka bi da shi ta Kafanchan, a liƙa masa takardar Kafanchan, wanda ya karɓa ya ɗauka daga can ya taso. Na ce masa a reluwe wanda ya yi wannan korarsa ake yi, kuma ubansa Amaechi ma ya san haka. Wannan ai shaidar zur ce. Ni da shekaruna, in aika a ce ina Landan alhali ina Samaru a kan buzuna, don a bar ni in ga matata? Su ne suka karya alkawari, ni kuma in yi ƙarya in roƙe su? Na ce ya tattara wayoyinsa. Ya yi dariya ya ce Baba ba ka canja ba. Na ce ban ga dalili ba.

Maganar ido. Na koma asibitin Shika, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa don a riƙe sauran ne. Na hagu kusan ya gama. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na ƙara miki bayani ba.

Abin da nake so, ki je wurinsu ki saya a kaset ko faifai ko me ake sakawa yanzu, ki ba wani mai tahowa. Halal ɗinsa ke nan. Ki gaishe da maigidan da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Ɗanmalam na Reluwe


Samaru, Zariya
Ranar Asabar

Na'ila,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na ji ƙaramin ya yi mura, Allah ya ba shi sauƙi. Mu muna nan yadda kika sani.

Yayanki ya kunna mini saƙon muryarki. Kin ce ba a sayarwa, ba a saukewa, sai dai a kalla a tashar. Kin ce in haƙura. Kalmar nan na sha ta har ta daina yi mini ɗanɗano.

Bari in ba ki labarin abin kunyar da ya faru jiya, gara ki ji daga bakina kafin matar yayanki ta ba ki nata.

Na tambayi limamin masallacinmu hukuncin ɗan shaidar zur ɗin nan. Ya ce shi bai taɓa cin karo da mas'alar ba, amma ai na'ura ce take faɗa ba ni ba. Na ce wa ya aike ta? Ya ce zai bincika. Daga baya na ga wayarsa a hannun ɗansa suna kallon ƙwallo, na gane binciken zai daɗe.

Sai na zauna na yi nawa tunanin. Iyke ya ce abin yana da jerin ƙasashe, mutum ya zaɓi wadda yake so. To ni akwai ƙasa ɗaya bayan tamu da ƙafata ta taɓa takawa, Saudiyya, shekarar da aka biya mu kuɗin sallama na sauke farali. In aka ce ina can, ƙarya ce, amma tana da ɗan tushe, don na bar gumina a can. Kuma na ce a raina, wane ne a duniyar nan zai rufe wa Makka ƙofa? Na aika wa Iyke cewa na yarda, amma Saudiyya zai saka. Ya zo da kansa ya ce Baba ba haka abin yake ba, tashar mutanen Ingila kaɗai take buɗe wa. Na ce ya taɓa gwada Saudiyya? Ya ce a'a. Na ce to bai sani ba ke nan. Ya ce bari mu gwada yanzu mu biyu. Na ce a'a, ba za a buɗe fuskar Innarku a ɓoye kamar kayan sata ba, alkawarin da aka yi a gaban jama'a za a kalla.

Don haka na gayyaci mutane, bayan la'asar ran Juma'a. Sauran tsofaffin reluwe da suka rage, ba su da yawa. Felix, wanda yake gadin jirgi a da, ya zo da sandarsa. Mama Iyke, matar marigayi Amaechi, ta hau Keke Napep tun daga Sabon Gari da gwiwoyinta da ba sa lanƙwasuwa, ta zo da kular abinci, ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi. Matar yayanki ta soya ƙosai ta haɗa zoɓo. Aka fito da talabijin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka tada janareta don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Na sa farar rigata.

Iyke ya danna, koriyar tutar Saudiyya ta fito, wasu suka yi kabbara. Ya buɗe tashar. Wani abu ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sai rubutun nan ya sake fitowa. Ban iya karanta Turanci ba amma na riga na san tsawonsa. Janareta na ta ƙara. Can Felix ya ce Alhaji, yau kam ka je Makka ka dawo ko dabino ba ka kawo mana ba. Aka fashe da dariya. Iyke ya matso ya raɗa mini cewa in na ba shi izini, ɗan yatsa ɗaya ne ya mayar da mu Landan, kowa ya kalla. Idon kowa a kaina. Na ce a kashe janareta, mai yana ƙonewa.

Mutane suka ci ƙosai suka watse. Mama Iyke ce ba ta tashi ba. Ta jira kowa ya fita, sannan ta wanke ni tas da Hausarta ta Sabon Gari. Ta ce Ɗanmalam, wannan kan naka ko jirgin kaya ya bi ta kansa jirgin ne zai lotse. Ta ce ƙawarta Innarku ta sha fama da ni, Allah ya ji ƙanta. Ta ce kana tsammani matarka kaɗai ce a ciki? Ni ba ni da miji a ciki? Na saka zanen coci na zo in ga Amaechi, ka mayar da ni gida da kula. Ta ce in zunubi ne a rubuta a sunanta, ita ta saba kai nata wurin fadan cocinsu.

Wallahi ban tuna da Amaechi yana ciki ba sai da ta faɗa. Na raka ta bakin titi, ta ƙi kallona har keke ya tashi.

Na gaji, Na'ila. Duk abin da na taɓa a zamanin nan sai an ce in fara zama wani mutum dabam kafin a saurare ni. Ku yara kun saba, ba ya yi muku nauyi.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Ɗanmalam


Samaru
Ranar Laraba

Na'ila, assalamu alaikum. Ya gida, ya aiki, ya jikin yaron? Allah ya ƙara sauƙi.

Na sauko. Kada ki ce komai a kai. Na je shagon Iyke da ƙafata, na ce ya saka Landan ɗin, saboda tsohuwarsa. Sharaɗina ɗaya, ba yatsana ne zai danna ba. Ya ce ya ji. Bai yi dariya ba, Allah ya shi masa albarka.

Na ɗauka da na yarda shi ke nan. Ashe ƙarya ma sai an sha wahala kafin ta karɓu. Ya ce talabijin ɗin ba ta ɗaukar abin kai tsaye yadda yake so, gara ya saka shi a ɗan akwatin da yake raba intanet a gidan. Ya saka. Kafin azahar gidan nan gaba ɗaya ya koma Ingila. Wayar matar yayanki tana ce mata ana ruwa a gari, ta ɗauki lema, mu kuwa muna neman inuwa. Yayanki ya je zai tura kuɗin makarantar yara, bankinsa ya ga kamar wani ne daga waje yake taɓa masa asusu, ya kulle. Sai da ya bar aiki ya je ya yi layi ya rantse musu yana Samaru. Da ya dawo, na ji yadda ya ajiye makullin mota. Kin ga mutum yana gari ana sa shi ya kawo shaidar yana gari.

Duk da haka tashar ta ƙi. Wannan karon wani rubutun dabam ta fito da shi, gajere. Iyke ya ce ta gane mu, wai VPN na kyauta ya fara sakawa, shi kuwa kowa da shi yake shiga, masu gadin ƙofar sun san fuskarsa. Ya sayi na kuɗi, ya ƙi gaya mini nawa. Ya cire shi daga akwatin gidan ya saka a wata 'yar na'ura da ya soka a bayan talabijin, don a bar wayoyin mutane su dawo gida. Landan ta ƙi, ya kai mu wani gari wai Mancesta, ya ƙi, ya kai mu wani can arewa da ban riƙe sunansa ba. Ina zaune a buzu ana yawo da ni garuruwan da ban san alƙiblarsu ba. Na yi shekaru ina juya wa jirage layi, ban taɓa tura ko tarago ɗaya inda ba a rubuta masa ba.

A garin na uku ƙofa ta buɗe, amma sai aka ce a shiga da sunan mai rajista. Ke ce mai rajista. Yayanki ya saka sunanki da kika ba shi tun tuni, aka ce an tura wasu lambobi wayarki, a kawo su kafin su mutu. Ya kira, ba ki ɗauka ba. Ya sake, ba ki ɗauka ba. Washegari kika turo cewa kina bakin aiki. Jiya ma haka.

Akwai abin da nake so in tambaye ki. Iyke yana naɗe wayoyinsa sai ya ce, cikin magana kawai, ai da Na'ila ta ɗora wayarta a gaban talabijin ɗinta ta ɗauko wurin da Inna take ta turo, da duk ba a sha wannan ba. Yayanki ya yi masa wani kallo. Idona ya lalace amma na ga kallon. Ashe ana iya haka? Tun Sallah? Me kuke ɓoye mini ke da yayanki? In ta fito ba kyau ne, na ga fuskarta a yanayin da ba ku gani ba. In sun yanke ta ne gaba ɗaya, ki faɗa mini in huta.

Idon dama yanzu kamar ina leƙe ta cikin bututu nake gani. Abin da ke tsakiya ina ganinsa, gefe babu. Ba ni da watannin da zan ba ki ki yi ta shawara.

Ran Asabar da hantsi za mu sake gwadawa. Ki riƙe wayarki a hannu.

Mahaifinki


Samaru, Zariya
Ranar Litinin

Zuwa ga Na'ila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidanki da jikokina. Allah ya sa kuna cikin ƙoshin lafiya. Za ki ga rubutun ya canja. Yayanki ne yake rubutawa ina faɗa, layin takarda ya daina tsaya mini wuri ɗaya. Na ce masa kada ya gyara ko kalma guda, ko wadda ta shafe shi.

Na gode da kika turo lambobin. Mun kalla.

Ban gayyaci kowa ba wannan karon. Ni, da Mama Iyke, da Iyke, da yayanki, a falo, an sauke labule don in fi gani. Na fita na tsaya a ƙofa har Iyke ya gama danne-dannensa, sannan aka kira ni. Suka ja mini kujera dab da talabijin, har ina jin ɗuminta a fuskata. Hoton yana yi yana tsayawa, Iyke ya ce hanyar ce ta yi nisa, sai ya je Ingila ya dawo kafin ya iso mana.

Tasha ta fito. Tsohon rufin nan, da tankin ruwa, da bishiyar da aka sare. Sai ga Amaechi da hularsa, yana bayani da Turancinsa, yana ɗaga yatsa yadda ya saba in zai yi gardama. Muryarsa ce sak, har da ɗan tarin nan nasa. Mama Iyke ta ce Chineke, Allah ke nan da yarensu, ta kama hannun ɗanta, ta yi ta amsa masa magana kamar yana jin ta. Ta ce masa kai maƙaryaci, yaushe ka taɓa zuwa aiki da wuri? Tana dariya tana share ido. Na ji daɗi saboda ita. Wannan ki rubuta shi a cikin abin da ya yi kyau.

Sai ga ni. Gemu baƙi, ina riƙe da tuta. Na buɗe baki, sai na ji wani Bature yana magana a madadina. Na ce wane ne wannan? Iyke ya ce haka suke yi, wanda ya yi Turanci a bar masa muryarsa, wanda ya yi Hausa a ɗora masa ta wani don mutanen can su gane. Ban damu da tawa ba, ina da ita har yanzu, kuna ma cewa ta yi yawa. Amma tun daga nan na fara tunanin muryar Innarku.

Tsakar gidanmu na Muciya ya fito. Randa, da igiyar shanya, da turmi a kife. Tana zaune a kujerar tsuguno. Fuskar ba ta fito mini sosai ba, gaskiya, sai da na yi ta juya kai ina neman ta da ɗan hasken da ya rage. Na ga shuɗin zanenta, wanda na sayo mata a Kaduna. Na ga yadda take gyara ɗankwali da bayan hannu. Na rufe idon ma gaba ɗaya, na ce bari in ji, kunne dai bai ci amanata ba.

Ta ce, to ni dai.

Iyakarta ke nan, Na'ila. To ni dai. Sai wata Baturiya ta hau kai da murya mai santsi kamar mai karanta labarai. A ƙarƙashi ina jiyo Innarku can ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana magana a ɗakin maƙwabta an rufe ƙofa. Na ce a ƙara sauti. Aka ƙara, Baturiyar ta ƙara ƙarfi. Na ce a cire ta. Iyke ya shiga nan ya fita can, ya ce wurin zaɓen harshe Turanci kaɗai aka saka. Na ce a mayar baya. Aka mayar. To ni dai. A mayar. To ni dai. Na manna kunnena a jikin talabijin har Mama Iyke ta ce Ɗanmalam ya isa, za ka ji wa kanka ciwo. A ƙarshen wurin ta ɗaga kai za ta yi dariya, an fara jin farkonta, sai suka yanke suka saka ƙarar jirgi.

Na ce Iyke ya fassara mini abin da Baturiyar ta ce. Ya ce wai zaman kusa da layin dogo akwai wahala amma ta gode wa Allah, kuma maƙwabta suna zaman lafiya. Na ce sai me? Ya ce shi ke nan. Matar da ta yi ta magana tun la'asar har rana ta kusa faɗuwa, har ana jiyo dariyarta a titi. Kuma wannan ba maganarta ba ce. Innarku ba ta taɓa faɗin abu a miƙe haka ba, sai ta bi da kai ta kasuwa ta bi da kai ta gidan suna kafin ta zo inda za ta. Mama Iyke tana wurin ranar, na tambaye ta. Ta ce ita tana wurin murhu, ta tuna dai an ambaci sunana an yi dariya, sauran ya tafi, ta tsufa.

Yanzu na gane abin da ya sa kike ta kewaye-kewaye tun Sallah, ke da wannan da yake rubutu yana sunkuyar da kai. Kun ji tsoro ne. Ban ce kun kyauta ba. Da kun faɗa mini tun farko, da watannin nan da na ɓata ina faɗa da talabijin na ɓata su inda ya dace, da sauran idona. Amma na bar wannan, ba ni da ƙarfin riƙe ku ku ma.

Na sa Iyke ya cire abinsa ya tafi da shi. Ya ce in bari ko zan so sake kallo. Na ce kalma uku ce, na haddace.

Ga abin da ya rage. Iyke ya ce duk mai yin fim yana ajiye asalin abin da ya ɗauka kafin ya yanka, da sautinsa yadda yake. Ke nan maganar Innarku ta yammacin nan tana nan a wani ɗaki a ƙasar da kike, cikin wani kwali, ba wanda yake jin Hausa a kusa da ita. A ƙarshen fim ɗin sunaye sun yi ta hawa, yayanki ya ɗauki hotonsu, zai haɗa miki da wannan takarda. Akwai sunan matan nan biyu, akwai sunan kamfanin. Ke kina can da gaske, da ƙafarki da Turancinki. Ki ɗauki hutu rana ɗaya. Ki je da kanki, kada ki tura saƙo, saƙo ana share shi.

Ba hoto nake nema ba yanzu, sun iya riƙe hotonsu. Ba kuɗi nake nema ba, ki faɗa musu tun a ƙofa don kada su tsorata. Ki ce mijin matar da ta dafa musu tuwo a Muciya yana raye, yana tambaya. Ina muryarta? Wa yake riƙe da ita? In tana nan, me zai hana a ba ni? In sun zubar, wanda ya zubar ya faɗa da bakinsa, ki riƙe masa waya in ji shi, ke ki fassara. Kada ki dawo mini da an ce za a duba. Kada ki dawo mini da Baba ka yi haƙuri. Kusan shekara ashirin ba wanda ya ba ni amsa, daga masu ɗaukar hoto har liman har 'ya'yan cikina. Wani ya ba ni amsa tun ina iya ji.

Ki shafa mini kan yara. Allah ya tsare ki a hanya.

Ni ne mahaifinki,
Ɗanmalam na Reluwe